Ranar da Na Ceci Mutumin da Ba Nutsewa Yake Ba

Ku matso kusa, 'ya'yana, akwai maganar da nake so in gyara tun ina da bakin gyara ta. Labarin zuwana gasar iyo na farko a Kano ya rabu gida biyu. A nan ƙauye cewa ake yi na bar lambar zinare ina ji ina gani, na juya na ceci ran wani bawan Allah. A gidan Baba Modu kuwa, aminina da kuke zuwa yi wa barka da salla, cewa ake yi na ga za a wuce ni, sai na shaƙe mutum a tsakiyar ruwa. Duk biyun kada ku ɗauka. Ni ne na shiga ruwan, ni zan faɗa muku.

Kun san shan inna ta same ni ba a daɗe da yaye ni ba, ta shanye ƙafafun nan biyu. A tudu da katako biyu nake tafiya, ɗaya a kowane hannu, ina jan jiki, kowa ya wuce ni har kaji. Amma a bayan gidanmu akwai kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, wanda in damina ta yi nisa yakan cika ya haɗe da fadama, zurfinsa ya shanye mutum biyu a tsaye. Wata rana na bi agwagwar Inna, kakarku, har baki, ƙasa ta zame da ni, na faɗa. Maimakon in tafi ƙasa sai na ji jikina ya yi sakayau, hannuwan da suka saba ɗaukar nauyina suka samu aiki mai sauƙi. Tun daga ranar, in an neme ni a gida ba a gan ni ba, ba a tambaya. Kafin in yi gemu babu mai ƙafa biyu a ƙauyukan da ke kewaye da mu da zai riga ni ƙetarewa. Shi ya sa har yau tsofaffi ba sa ce mini Idi, sai Tarwaɗa.

To akwai dokar ruwa a wurinmu, wadda in ba ku riƙe ta ba ba za ku gane sauran labarin ba. Ba a ɗaga hannu ɗaya sama a cikin ruwa da wasa. Hannu ɗaya a sama, kai yana shiga yana fita, baki a buɗe, wannan kira ne, kuma duk wanda ya gani ya saki abin da ke hannunsa, ko da tuwo ne a bakin murhu. Yaron da ya gwada yi don tsokana, duk babban da ya kama shi zai zane shi, uwarsa ta yi godiya. Sannan akwai yadda ake ɗauko mutum. Ta baya ake zuwa, a saƙalo haɓarsa, a kwanta rigingine a ja shi. Ba a sauraron abin da yake faɗa, domin mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa. In ya zage ka, ka ƙara riƙewa. In ya doke ka, ka ƙara riƙewa. Da wannan dokar na tsamo yara huɗu, da wata baƙuwa mai wanki, da awaki ban san iyaka ba, har da ɗan maraƙin Fulani sau ɗaya. Saboda haka ne Baba, kakanku Malam Haruna, bai taɓa hana ni ruwa ba. A wurinsa iyo aiki ne, kamar kaftu.

Shekarar da nake ba ku labari gyaɗa ta yi kyau, kuma ita ce shekarar da aka yanke cewa na girma, in kama sana'a. Kawu Isuhu, ƙanen Inna, tela ne a Minjibir, ya riga ya gyara mini keken ɗinki na hannu, ya shafe shi da mai, ya rufe da zane yana jira. Ni kuwa ko tunanin zama a shago daga safe har magariba, nesa da kududdufi, ba na so. Ana cikin haka wani mutumin birni, Malam Sunusi, ya zo suna a maƙwabtanmu. Ya zagaya bayan gari shan iska, ya gan ni ina ƙetare ruwa, ya tsaya yana duba agogon hannunsa. Ashe koci ne, yana neman naƙasassu masu iyo don gasa. Da la'asar sai ga shi a soronmu, an shimfiɗa masa tabarma, Inna ta aiko da fura. Ya yi bayani ya yi bayani. Baba yana saurare yana ɓare gyaɗa.

"Malam," in ji Baba, "iyo na san shi, amfaninsa na gani. Amma a tara mutane su shiga ruwa, ba wanda ya faɗa, ba abin da ya faɗa, a ce wa ya riga wa? Riga zuwa ina?"

"Zuwa bango, Baba."

"To in ya isa bangon fa?"

"Sai ya juyo."

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya watsa ɓawon gyaɗa a kwando. Daga bayan asabari Inna ta yi gyaran murya. Ita ba ta shiga maganar maza, amma gyaran muryarta ya fi na wasu huɗuba.

"Malam," ta ce wa Baba, "ka bar shi ya je ya ga bangon. Keken Isuhu ba gudu zai yi ba."

Baba ya ce, "Sau ɗaya. In ka dawo da abin da zan riƙe a hannuna in nuna wa kawunka, sai mu sake magana. In ka dawo hannu rabbana, da an ɗaure gero za ka Minjibir, kuma kada in ƙara jin zancen bango."

Haka na hau mota zuwa Kano, ni da ban taɓa kwana inda ba na jin tarin Baba ta katanga ba. Malam Sunusi ya sauke ni a soronsa. Washegari ya kai ni wurin, na ga kududdufin siminti, dogo, ruwansa garai-garai har ana ganin ƙasa, babu kainuwa, babu kwaɗo, sai warin magani. An ja igiyoyi masu ƙwallaye an raba shi layi-layi kamar kunyoyin gona. Ya miƙo mini wani ɗan kamfai da ko jaririn gidanmu zai raina, na ce wallahi ba zan sa ba, sai da muka yi sulhu a kan gajeren wando. Mako biyu yana koya mini iyon gasa: fuska a cikin ruwa, hannu na bin hannu, numfashi ta gefe, taɓa bango a juyo. Da sanyin safiya muke zuwa, kafin kowa, domin lokacin aka ba shi. Wannan shi ne kuskuren Malam Sunusi, ya kuma amsa shi daga baya: har ranar gasa ban taɓa ganin yadda sauran naƙasassu ke iyo ba. Shi kuma bai san dokar ƙauyenmu ba, ni ban san akwai inda ba a bin ta ba.

Ranar gasa mu shida ne. Aka ce zuwa da dawowa, wanda ya yi na ɗaya da na biyu su ne za a duba don gasar ƙasa. Layi biyu daga nawa akwai wani dogon saurayi baƙi, ya yafa tawul a kafaɗa yana taunar cingam, yana kallona sama da ƙasa. Ban ga komai a jikinsa ba, har na ce a raina wannan me ya kawo shi cikinmu. Mu guragu daga cikin ruwa muke tashi, riƙe da bango, don haka ban ga lokacin da ya cire tawul ɗin ba. Aka busa usur. Na tafi. 'Ya'yana, ban taɓa jin daɗin ruwa kamar ranar ba. Na taɓa bango na juyo babu kowa kusa da ni, ina jin muryar Malam Sunusi kamar zai tsage maƙogwaro. Na juya kai don in shaƙi iska, sai idona ya faɗa a kai. Hannu ɗaya a sama. Hannun ya faɗa ruwa, kai ya nutse, ya ɓullo baki a buɗe, hannun nan ɗaya ya sake tashi. Ga mutane cike a kan benci suna ta ihu, ba wanda ya motsa. Na ce lalle mutanen birni ba su da imani.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na nutsa ta ƙarƙashin igiya biyu, na ɓullo ta bayansa, na saƙalo haɓarsa, na kwanta rigingine.

"Kai! Sake ni! Mahaukacin ina ne wannan?"

"Yi salati, bawan Allah, na riƙe ka!"

"Sake ni, don ubanka, tsere nake yi!"

"Kar ka ji tsoro, mun kusa!"

Ya ɗirka mini gwiwar hannu a haƙarƙari. Na ce alhamdu lillahi, da sauran ƙarfinsa, na ƙara riƙewa. Sai da na kai shi gefe, na tura shi sama, sannan na ga kafaɗarsa ta hagu a dungule. Hannu ɗaya gare shi. Injin niƙa ne ya cinye ɗayan tun yana yaro, kuma da wanda ya rage yake iyo, iyon da shekara guda yana gyara shi don wannan rana. Shi ne Modu. Lokacin da na cafke shi shi ne na biyu. Na waiga na ga jama'a wasu sun kwanta a kan benci don dariya, alƙalin gasa ya cire hula yana share hawaye, Malam Sunusi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka. Aka cire ni saboda na shiga layin wani. Modu kuma bai ƙarasa ba, shi ma ya tashi a banza.

Da na dawo gida Baba yana soro. Ya miƙo tafin hannunsa a buɗe. Na ce, "Ban ci ba, Baba." Kunya ta hana ni ƙara ko kalma. Inna ta yi ta juya ni da tambaya a tsakar gida, wai ko abincinsu ne bai karɓe ni ba, na ce e, shi ne. Aka yanke gero, aka ɗaure, aka ɗora ni a mota zuwa Minjibir. Kawu Isuhu mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da ni iyakar haƙuri. A makon farko na ɗinke aljihun wani liman ruf. A na biyu na haɗa ƙafafun wando biyu suka zama buhu.

"Idi," in ji Kawu, yana farke ɗinkin da reza, "hannun nan da ake yabo, a ruwa ka baro shi?"

Wata Juma'a na zo gida ganin Inna. Bayan an sauko daga masallaci sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Malam Sunusi ne, a bayansa Modu, ya sha farar shadda, hannun riga ɗaya a soke cikin aljihu. Iyayen Modu mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano suna fataucin busasshen kifi, ya kuwa zo wa Baba da ƙunshi guda. Ya durƙusa ya gaida shi da ladabi, sannan ya ce ƙara ya kawo.

"Baba, ɗanka ya hana ni zaman unguwa. Ko shago na je sayen sabulu sai a ce ga wanda aka ceto. Yara suna bi na suna cewa yi salati, yi salati. Wadda nake nema ma ta aiko a tambaye ni wai na warke? Yanzu kuma Koci ya ce mini an kai shi ɗinki. Ni ban yarda ba. A fito da shi mu sake, in kayar da shi a gaban mutane, in ya so ya je ya ɗinka duk wandunan Minjibir."

Baba bai gane ba, don bai san komai ba. Sai Modu ya miƙe a tsakiyar soro ya kwatanta, shi ne ni, shi ne kansa, har da shaƙe wuyansa da hannunsa ɗaya. Daga bayan asabari muka ji Inna ta fashe da dariya, ta gudu ɗaki tana tari. Baba kuwa ko murmushi.

"Tsaya, yaro. Hannu ɗaya a sama?"

"E, Baba, ai shi ke gare ni."

"Kai yana shiga yana fita?"

"Haka ake numfashi."

"To me kake so ya yi?" Ya juyo kaina. "Kai kuma me ya hana ka faɗa mini?"

Na sunkuyar da kai. Baba ba ya janye magana, kowa ya sani, ni ma ban sa rai ba.

"Na ce sau ɗaya, kuma ka dawo hannu rabbana, wannan tana nan. Amma ka ɓata wa bawan Allah aikinsa na shekara, ya biyo ka har gida, ba zan mayar da shi haka ba. Malam, akwai wata gasar?"

"Akwai, Baba, bayan an gama cirar gyaɗa. Ita ce ta ƙarshe kafin a zaɓa."

"Za a sake. Ni ma zan je in gani da idona. In wasa ne, keke yana nan inda yake."

Ranar gasar Baba ya sa babbar rigarsa ta idi, fara, mai aska. Inna ta cika mana leda da ƙuli-ƙuli kamar za mu Makka. Malam Sunusi ya zaunar da shi a bencin gaba, ya nuna masa Modu da yatsa, ya sake yi masa bayani tiryan-tiryan, Baba ya ce ya gane, shi ba yaro ba ne. Ni kuma Malam Sunusi ya ja ni gefe ya riƙe kunnena.

"Tarwaɗa, ko alƙali ne ya faɗa ruwa da hularsa, ba ruwanka. Akwai masu tsaro, aikinsu ne."

Wannan karon layin Modu yana manne da nawa. Ya leƙo daga sama ya tofar da cingam.

"Ka taɓa ni yau, wallahi sai na cije ka."

Aka busa. Ba zan ɓoye muku ba, a duk gasar da na yi a rayuwata babu wadda ta fi wannan wuya, kuma ba gajiya ba ce. Duk juyin da zan yi in shaƙi iska, hannun nan yana nan a gefena, yana tashi yana faɗuwa. Kaina ya san Modu ne, amma kafaɗuna suna ta ja na wajensa kamar akuya ta ga dusa. Na dantse haƙora, na koma shaƙar iska ta ɗaya gefen, na yi ta ƙirga ƙwallayen igiya. Na taɓa bango, na juyo, na yi ta zuba hannu har yatsuna suka daki siminti. Modu ya taɓa bango bayana da ƙiris. Na ɗago kai ina jiran tafi, sai na ji hayaniyar ba tawa ba ce, kowa wani wuri yake kallo.

Baba ne. Yana bakin ruwa, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita, babbar riga ta kai wuya ta rufe masa rabin fuska, masu tsaro biyu sun rirriƙe shi ta ƙugu.

"Ku sake ni! Jama'a, kuna kallo yaron nan zai tafi!"

Na ja jiki na fito, Modu ya biyo ni yana haki, muka isa gabansa muna ɗigar ruwa.

"Baba, ai shi ne Modun. Ga shi nan. An gaya maka."

Ya sauke rigar a hankali, ya dubi Modu daga sama har ƙasa.

"Na sani. Ni na sani. Idona ne bai sani ba."

"Baba," in ji Modu, "ashe kai ma ka iya iyo?"

"Ina na iya? Ko a kwarya ban taɓa yi ba."

Modu ya zube a ƙasa yana dariya har da buga hannu a siminti, daga nan fushinsa ya tafi bai dawo ba. Aka rataya mini lamba, aka rataya masa. A mota Baba ya karɓi tawa ya yi ta juya ta, ya gwada nauyinta a tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce. Sai da muka hango rimin ƙauyenmu ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ni zan je Minjibir in gaya wa kawunka da kaina. Abin da ya sa na tuɓe riga a gaban jama'a ba zan kira shi wasa ba." Ya sa lambar a aljihu. "Amma zancen rigar nan, in ya fito daga bakinka, ni da kai ne."

Ba a kyauta abin ya zo ba. Kawu Isuhu ya yi shekara guda in na gaishe shi sai ya amsa wa bango, ya ce an mai da shi ƙaramin mutum, sai da Inna ta je da kanta. Ni kuma da ba na son nisa da gida, na shafe shekaru goma sha ina yawon garuruwan da tuwonsu ba ya zama a cikina, ina kwana a ɗakunan da ba a jin kukan jaki. Duk tafiya sai na rame, duk dawowa sai Inna ta ce sun cinye mata ɗa. Na ci wasu, an cinye ni a wasu, Modu kansa ya kayar da ni ba sau ɗaya ba, kuma kowace sai ya zo har gida ya ba da labari. Da kafaɗa ta fara ciwo na dawo bakin kududdufinmu na zauna, ban kuma yi kewar ko gari ɗaya ba.

Zancen riga kuwa na riƙe shi har Allah ya karɓi Baba, Modu ma ya riƙe, shi da ba ya iya riƙe komai. Yau na sake shi, don na san da yana nan da ya gama fushinsa ya taya mu dariya. To ku gaya mini tsakaninku da Allah: da ni da na iya ruwa na je ceton wanda bai nema ba, da kakanku da bai iya ba ya tuɓe zai faɗa, halin wa kuke so a ce kun gado?